Wanda Ke Ja Daga Cikin Bango

Daga Birnin Kebbi har Argungu, in ana zancen saka wayar lantarki, sunana ake fara kira: Hodi mai waya. Rabin gidajen Nassarawa aikina ne. Kilif ɗina masu riƙe waya a jere suke bisa bango kamar haƙoran mataji, kuma ban taɓa jin ƙyashin abokin sana'a ba. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau.

Ana nan sai Kalilu, ɗan unguwarmu, ya tafi Sakkwato ya dawo da sabon yayi. A sare bango, a binne bututu, a shafe da siminti, sannan a zura waya ta ciki. Ba ka ganin komai sai makunni. Mutane suka ruɗe. Alhaji Abdussamadu mai fataucin albasa, wanda ni na rataya masa ƙwan lantarki na farko a rayuwarsa, ya gina sabon gida a bakin gari dab da fadama, ya ba Kalilu aikin. Ni ban ji komai ba. Tuwo ne dai ya daina mini daɗi.

Ran nan na dawo daga Ambursa a kan babur, da ɗan buhun shinkafar da matata Laure ta ce in sayo. Rana ta yi ja, ta kusa faɗuwa. Ga gidan Alhaji a gefen hanya, ba ƙofa ba taga, magina sun tashi. Na ce bari in leƙa, ko akwai inda zan gyara wa Kalilu don zumunci. Filayata ta datse waya tana aljihu. Kullum can take zama, ba don wani abu ba.

Na shiga ban yi sallama ba. Wa zan yi wa?

Zauren na ƙamshin ɗanyen siminti. A jikin bango ga ramin makunni, jelar jar waya ta leƙo daga bakin bututu. Ku sani, aikin bututu na mutum biyu ne. Ɗaya yana nan, ɗaya yana can ɗaya bakin, ba sa ganin juna, sai kira. In aka ce "sako", wancan ya saki. In aka ce "ja", ya ja. Haka Kalilu ke yini yana ihu kamar mai kiwon jakai.

Na naɗe jelar a wuyan hannuna yadda yake yi. Na maƙe murya irin tasa, don in yi wa kaina dariya.

"Sako!"

Waya ta sako.

Ta zo mini a sanyaye, jiƙe sharkaf, da laka a jikinta. Ba ƙamshin siminti kuma. Warin taɓon fadama ne, da ƙarnin kifin da ya kwana.

Kwaɗin da ke ta kuka a waje suka yi tsit.

Na ce wataƙila Kalilu na ciki, yana mini shaƙiyanci. Na kira sunansa. Ɗakunan suka maido mini da muryata. Can nesa, cikin gari, ladan ya fara kiran magariba.

Mai hankali a nan zai kwance hannunsa ya tafi. Amma ni ina son in ga iyakar abin da Kalilu ya fi ni da shi. A hankali na ce, "Ja."

Aka ja.

Hannuna ya bugi bango. Yatsuna suka shige ramin. Waya ta nutse cikin fata.

"Sako," na ce. "Sako mana."

Ba a sako ba.

Daga cikin bututun iska ta huro mini a tafin hannu, ɗumi-ɗumi, kamar numfashin saniya. Sai murya, ƙasa-ƙasa, kamar ana magana cikin tulu.

"Kai ba Kalilu na ba."

Na fizgi hannuna, ya ƙi fita. Muryar ta ƙara:

"Mi kaka nema ga wayarmu?"

Wayarmu. Ashe shi ya sa aikinsa ke sauri.

Wani abu mai sanyi ya lashi kan ɗan yatsana.

Da hagu na laluba aljihu. Na zaro filaya, ta kama wayar. Na yi bisimilla, na datse.

Na faɗi da baya. Jelar wayar ta shige bango, zuuu, ina jin ta tana gudu cikin gini har ƙuryar gida.

Na tashi na kakkaɓe rigata, na fito a natse, kamar yadda ya dace da babban mutum. Shinkafa dai ba ta iso gida ba, kuma Laure ta ce da takalmi ɗaya na shigo. Mata akwai lura da ƙananan abubuwa. Shatin wayar yana nan a wuyan hannuna har yau, kuma tun daga ranar ko akuya ban ce wa "ja" ba bayan la'asar.

Shekaranjiya ina ba da labarin nan a rumfar Tamba mai shayi, kowa ya kasa kunne, har shayin wani ya huce. Ban lura ba ashe Kalilu na zaune a ƙarshen benci. Ya ajiye kofinsa, ya zaro filaya mai jan salatif a ƙota, ya ɗora bisa tebur.

"Taka ta, yaya Hodi. Zaure nit tsince ta."

"Ka ji ko?" na ce wa jama'a. "Ga shaida."

"Awo. Zancen zaure na yarda, don ni kaina na bar kiran 'ja' wurin nan in rana ta yi ƙasa." Ya kurɓi shayi. "Amma da sahe na iske an datse min waya ɗakin maigida, da ɗakin baƙi, da madafa, hab bayi. Shi aljanin, ko'ina shi ka bin ka yana riƙe maka hannu?"

Tamba ya juya baya yana wanke kofin da ya riga ya wanke.