Gawon da Aradu Ta Tsaga

A daminar 1963, a wani ƙauyen Hausawa kudu da garin Kamlin, can gabas a kan tsohuwar hanyar Makka ta ƙasa, aradu ta faɗa wa gawon da ke tsakar gidan Jibo. Ta tsaga shi daga sama har zuwa ƙugun mutum. Rabi ya tsaya yadda yake, ɗaya rabin ya karkata a kan sabon ɗakin jan bulo da Jibo ya gama rufewa da kwano kafin ruwa ya sauka, ɗaki na farko irinsa a unguwar.

Da wani itace ne, da ganye ya nuna ko ya mutu. Amma gawo ba ya ganye da damina, sai ruwa ya ɗauke. Maƙwabta suka ce a jira kaka. Jibo ya ce ɗakinsa ba zai jira kaka ba. Ya dawo daga hawasha, gonar audugar da hukuma ta ba shi, ya sare reshen da ya fi kusa da rufi, ya faskara, ya zube itacen a gaban matarsa Indo. Ta ce ba a girki da itacen aradu. Ya daka mata tsawa. Ta girka.

Da magariba suna cin tuwo, dutse ya faɗo cikin kwanon miya. A wannan ƙasa ta baƙar laka ko dutsen niƙa sai an sayo. Wani ya biyo, da zafi kamar daga murhu aka ciro shi. Jibo ya zagaya bayan danga da sanda yana zagin 'ya'yan mutane, bai ga kowa ba. Da ya dawo, ya tarar da 'yarsa Raliya ta jingina da gindin gawon, idanunta a buɗe ba ta ƙiftawa.

Raliya 'yar makaranta ce, Larabci ya fi zama a bakinta. Amma muryar da ta fito ta tsoho ce, Hausar kuma irin wadda aka daina ji tun rasuwar kakanni.

"Wa yab ba ka izini, Jibo?"

Aka kira Malam Ladan, limamin unguwa. Ya zauna nesa kaɗan, ya yi karatu har muryar ta fara nishi, sannan ya ce, "Wane ne kai, me yarinya ta yi maka?"

"Ta ci tuwon da anka dahwa da gidana. Tare munka taso da kakan wanga daga Wurno, a ƙasa, za mu Makka. Ya tsaya noma, nit tsaya jiranai. Ubangiji ya ƙone min rabin gida, ni yi shiru, ikonai ne. Sai wanga ya ɗauko gatari."

"Icce ya mutu," in ji Jibo cikin fushi. "Shekaru kana cikin gidana ko sallama babu, yau kai ke tambayata izini?"

"Ɓare ɓawon ka gani."

Malam ya karɓi wuƙa da fitila. Ya kankare rabin da ke tsaye, ya same shi busasshe, baƙi har ciki. Ya kankare wanda ya karkata a kan ɗaki, ruwa ya tsattsafo, cikin ɓawon kore shar. 

Malam ya yi wa aljanin tayin manyan itatuwan bakin kogi. Ya ce ya tsufa da ƙaura. Malam ya ce zai ƙona shi da ayoyi.

"Ƙona ni. Cikin jikinta nike."

Malam ya janye Jibo gefe. "Zan iya fitar da shi da ƙarfi. Abin da ban sani ba shi ne abin da zai bar maka na yarinyar."

"To ɗakina fa, Malam?"

"Iska ɗaya mai ƙarfi ta isa ta kayar da shi a kan ɗakin. Kai ma ka sani."

Jibo ya daɗe yana kallon ɗakin. Indo ba ta roƙe shi ba, ta tsaya kawai inda zai gan ta. Daga baya ya ce ya yarda, kamar mai tofar da abu mai ɗaci.

Aka ƙulla: a sare busasshen rabi, a bar mai rai, a shafe tsagar da laka. Aljanin kuma ya rantse da Allah ba zai sake shiga jikin kowa a gidan ba. Raliya ta yi atishawa, ta kwanta a ƙasa, can ta buɗe ido ta nemi ruwa da Larabci.

Da safe Jibo ya hau rufin sabon ɗakin. Maƙwabta suka zo taimako, ya kore su. Shi kaɗai ya cire ƙusoshin, yana jefo kwanon ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida.