Littafin da Babu Baba a Ciki

Wata yarinya 'yar aji uku tana zaune da mamarta a wani ƙauye na tsibirin Efate. Babanta yana Ostireliya yana aikin tsinkar tuffa. Ya tafi ne bayan guguwa ta rushe musu gida. Yarinyar tana jin haushin tafiyar nan.

Ran nan Malama Leisong ta ce, "Kowa zai yi littafin zane a kan gidansu."

Yarinyar ta zana sabon gidansu na bulo. Ta zana Mama tana kankare kwakwa. Har aladensu ta zana. Amma ta bar Baba.

Kalo, wanda suke zama benci ɗaya, ya leƙo. "Alade ya samu shafi guda, babanki ko kunne bai samu ba?"

"Ina ruwanka?" in ji ta. "Wanda ba ya gida ba ya shiga littafin gida."

Ranar Lahadi Baba ya kira su ta bidiyo. Mama ta nuna masa littafin shafi-shafi, yana ta dariya. Har aka kai ƙarshe bai ga kansa ba.

"Ya yi kyau, 'yata," ya ce a hankali.

Ya ɗaga hannu zai yi sallama. Nan yarinyar ta ga sanyi ya tsattsage masa yatsu.

Mama ta ajiye wayar. Ta ce, "Kwanon rufin nan da kika zana, hannun da kika gani ne ya samo shi."

Yarinyar ta kasa cin abinci. Washegari ta je wurin Malama.

"Malama, a ƙara mini takarda. Littafina bai cika ba."

"Jibi iyaye za su zo. Za ki gama?"

"Zan gama."

Kalo ya kira ta wanka a teku, ta ƙi. Ba ta taɓa ganin bishiyar tuffa ba, sai ta roƙi Baba ya turo hoto. Ta zana Baba a kan tsani yana tsinkar tuffa, amma tsanin ya karkace. Ta goge, ta sake, har ya miƙe.

Ranar taro ta tsaya gaban aji, ta buɗe sabon shafin. Mama ta riƙe waya don Baba ya gani.

"Wannan babana ne," ta ce da ƙarfi. "Yana nesa, amma aikinsa ne ya rufa mana ɗaki."

Baba ya tafa, yana share ido.

Daga ranar ta gane cewa uban da ya tafi aiki don iyalinsa bai bar gida ba.