Kifin da Bai Tsufa Ba

Ramata ta zo komisariya, ofishin 'yan sanda, da takaba a jikinta. Mijinta Illiya masunci ya rasu bayan ya daɗe da makyarkyatar hannu, likita kuma ya ce zaiba ce a jininsa, irin wadda masu zinariya ke wanke dutse da ita.

Insifekta Issouf ya ji abin har zuciya. A barajin nan na bayan gari, madatsar ruwan da Illiya ke su, ya yi ƙuruciya, lokacin da ake hango yashin ƙasan ruwan.

A laboratuwar, ɗakin gwaje-gwaje, Madam Kadidia ta ce duk kifin barajin da ta auna lafiya lau yake. Sai dai kifi ba ya nuna fiye da abin da ya tara a rayuwarsa. Zaiba cikin laka take kwanciya, tsohuwar tarwaɗa ce za ta tona ta, ita kuwa ƙananan karfasa ake kawo mata.

"Wa ke kawowa?"

"Chaibou, gardin barajin."

Abokin wasan Issouf ne tun suna tsirara. Da ya isa barajin, Chaibou ya tarbe shi da dariya, ya ce tumbin komisariya ya karɓe shi, ya rantse ko kwano ba a wankewa a nan. Ya ɗora shayi da ruwan bido, jarkar da ya ɗauko daga gari. Da la'asar ma da shi ya yi alwala, ga baraji a gabansa. Kuma yau bai ƙulla wa tsohuwar Issouf tarwaɗa ba, abin da bai taɓa fashi ba.

Issouf ya zaga bayan kainuwa. Ya tarar da bahuna cike da niƙaƙƙen dutse.

"Na wa ne?"

"Na baƙi ne."

"Baƙin da suka hana ka alwala da ruwanka? Me ya sa ƙananan kifi kake kaiwa?"

Chaibou ya sunkuyar da kai. Ya ce nasa ne, daga ramukan zinariya na Tchibarakaten ƙanin matarsa ke kawo dutsen, shi kuma ya wanke shi da zaiba a nan. Ya san ƙaramin kifi ba zai tona shi ba. Yana kallo Illiya na cin manyan kullum, ya kasa buɗe baki.

Issouf ya sa masa ankwa. A bakin gaɓa Chaibou ya tsaya.

"Ka tuna ranar da muka kusa nutsewa a nan?"

"Na tuna," in ji Issouf. "Illiya ne ya tsamo mu."