Jan Maɓallin Dosu

"Sabi, kana ji na?"

Muryar Dosu ta fito daga cikin hular kwanon da ke kansa, kamar aljani ya shige masa kunne. Sabi ya zabura har ya kusa kayar da babur. Duk rumfar ta kece da dariya, Bake mai tallar cuku ma har da riƙe ciki. Dariyarta ce ta fi ƙona shi.

Da tsakar rana ne, a bayan garejin Woru, can ƙarshen garin Parakou na ƙasar Benin. Woru shi ne maigidansu. Shekara tara Sabi na yi masa aiki: ranakun banza ya ɗauki fasinja kamar kowane ɗan zem, wato ɗan acaɓa, ranar fashi kuwa shi ke gudu da jakar kuɗi. Sai ga Dosu, wani mai gyaran rediyo daga Abomey, ko wata uku bai cika ba, ya zama ɗan lele.

Dosu ya ɗaure oba-oba, rediyon magana, a ƙarƙashin kujerar kowane babur da robar taya. Ya ja waya daga batir, ya ja wata zuwa cikin hula, sannan ya dasa jan maɓalli a hannun hagu, daidai babban yatsa.

"Doka ɗaya ce," in ji shi. "Ka danna, ka yi magana, ka saki. Muddin yatsanka na kai, kowa na jin ka, kai ba ka jin kowa, kuma ka danne muryar na nesa."

"Kai Dosu, kan nan naka na ja!" in ji Bake, ta miƙa masa babban yankin wagashi daga tirenta.

Shekara biyu Sabi na zarya a ƙofar Bake, bai taɓa samun ko ɓallin cukun nan kyauta ba. Kishi ya kama shi.

Woru ya zana hanya a ƙasa da sifana. "Alhamis masu sayen yazawa za su fita ƙauye da kuɗi. Ni da Bio mu tare su. Bake tana mararraba da tirenta, oba-oba a ƙarƙashin zane. Dosu ya ɗau jaka ya bi ta gada. Sabi, ka hau tudu ka tsare mana baya."

"Maigida, ni ne na koma maigadi?"

"Kai kake so ka zama maigidan?"

Bio, ƙanen Sabi uwa ɗaya uba ɗaya, ya ja shi gefe. "Yaya, bar shi. Baƙo raɓa ne."

Sabi ya fizge hannunsa.

Ranar Alhamis da hantsi a-kori-kura ta kunno kai, buhuna wofi jibge a baya. Wani dattijo na gaba, ya rungume jaka kamar jinjiri.

Babura biyu suka yanko daga cikin gonar doya, Woru goye da Bio, Dosu shi kaɗai.

"Tsaya! Kashe mota!"

"Kowa ƙasa! Fuska a ƙasa!"

Tau! Woru ya harba sama. Dattijon ya saki jaka yana salati. Dosu ya sunkuya zai ɗauka, direba ya zaro ƙarfen kwance taya ya maka masa a gwiwa. Dosu ya zube yana ihu.

"Bio!" Woru ya daka tsawa. "Ɗau jakar, ɗau hularsa da babur ɗinsa, bi gada! Ni zan goya shi. Maza!"

Sabi na kan tudu, nesa da su, bai ga ko ɗaya ba. Ƙarar bindiga kawai ya ji. A ransa Dosu ne ke falfala gudu da jakar da ya kamata a ce tana bayansa.

Wata mata da ke tsintar yazawa ta riga ta buga waya. Motar 'yan sintiri ta taso a guje. A mararraba shugabansu ya dafa direbansu.

"Kar ka bi su. Gada! Duk inda suka zaga, nan za su ɓullo."

Bake ta gan su. Muryarta ta faso hular Sabi.

"Dosu! Dosu! 'Yan sanda sun nufi ga—"

Sabi ya danne maɓalli.

Sunan nan da ta kira sau biyu, shi ya motsa yatsansa. Ya fi ta kusa da gada, ya san muryarta ta mutu. Hula ta yi tsit. Ya riƙe, ya ƙara riƙewa, gumi na bin wuyansa. Mai kishi ba ya iya shiru, kuma rabin dokar ya riga ya fita kansa. Ya fara magana shi kaɗai.

"Je ka, ɗan lele. Je ka su cinye ka. Mu ga wa zai ci wagashi gobe."

Daga wajen gada aka ji ta. Ratatata! Sai kuma shiru.

Ya saki maɓalli. Kukan Bake ne kawai a ciki.

A tsohuwar ma'ajiyar auduga aka shirya haɗuwa. Sabi ya iso yana gyara fuskar jimami. Yana shiga ya ga Dosu zaune a ƙasa, ƙafa ɗaure da tsumma, da ransa.

Sabi ya waiga ko'ina. "Ina Bio?"

Woru ya kau da kai.

"Maigida, na ce ina ƙanena?"

"Shi ya ɗau jakar," in ji Woru. "Duk mun ji ka, Sabi. Ina ta ihu ka saki, ina ta ihu."

Dosu ya ɗago, idonsa jawur. "Na gaya maka kowa na jin ka. Hulata na kansa. Muryarka ya ji har ya hau gadar."

Sabi ya durƙusa. "Harbe ni, Maigida. Don Allah harbe ni."

"Harsashina ya fi ka daraja." Woru ya zare makullin babur ɗin Sabi ya cilla cikin ciyawa, ya goya Dosu suka tafi.

Jaka ta koma hannun dattijo. An kama Bake a mararraba kafin azahar, oba-oba na cinyarta. Dosu bai sake taka ƙafar nan daidai ba. Bio kuwa, ɗan shekara ashirin da huɗu, aka tsamo shi daga ƙarƙashin gada.

Sabi bai gudu ba. Ya zauna kan babur ɗin da ba makulli, hula a kai, yana danna maɓalli yana saki, yadda aka koya masa.

"Bio, kana ji na? Bio, Yaya ne. Kana ji na?"

Wajen la'asar hula ta yi ƙara. Ya kasa kunne. Muryar wani ce da bai sani ba, tana fitowa daga hular da aka cire a kan ƙanensa.

"Muna jin ka," in ji ɗan sandan. "Faɗa mana inda kake."

Sabi ya danna, ya faɗa musu, ya saki.