Garin da Rana Take Makara

Wani ƙaramin gari a Kudancin Amurka ya taɓa shiga babban abin kunya. Rana ce ba ta leƙo shi sai da hantsi ya yi, don dutse ya tare gabas, kogi kuwa yana can ƙasa ta yamma.

Maƙwabta suka riƙa kiransu masu barcin safe. Magajin gari ya ce a kau da dutsen.

Aka ce, "Ranka ya daɗe, dutse ba ya tashi."

Ya ce, "To, mu mu tashi, mu koma yamma."

Aka ce, "Ranka ya daɗe, kogin fa?"

Ya ce, "Kogi yana tare rana ne?"

Aka koma bakin kogi. Da damina kogi ya yi abin da ya saba, ya shanye garin.

Yanzu rana tana isa sabon garin da sassafe. Kifaye ne suke ganinta.