Toka a Bakin Ƙofa

Allah sarki Mariya! Ranar da mota ta sauke ta a Jos ruwa ake tsugawa ba ƙaƙƙautawa, ga wani irin sanyi da bai taɓa ratsa ƙashinta ba tunda aka haife ta. Ƙullin kayanta na ka, hannunta na riƙe da na 'yarta Sumayya, yarinya 'yar shekara bakwai, haƙoranta sai haɗuwa suke yi. Mijinta Badruddeen direba ne, hatsarin mota ya ɗauke shi. Tana fita takaba ruwa ya cinye ɗakin da suke ciki a ƙauyensu can bayan Ikara, ita kuwa ba uwa ba uba, balle wanda zai ce mata zo ki zauna. Abin da ta riƙe shi ne maganar da marigayin yake yawan faɗa mata, cewa yana da rabo a gidan mahaifinsu da ke unguwar Kwararafa a Jos, gidan da tsohon ya gina tun zamanin haƙar kuza.

Daminar da ta biyo bayan rikicin 2001 ce, garin bai gama dawowa hayyacinsa ba. Ta ga gidaje baƙi ƙirin ba rufi, ta ga sojoji a bakin titi, ta ga yadda in tayar mota ta fashe sai mata su watsar da tallarsu su ranta a na kare. Ita da ko ɗan sanda ba ta saba gani ba! Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta rungume Sumayya ta kama salati.

Yayan mijin nata, Sharafaddeen, mai sayar da busasshen kifi a kasuwa, shi ke riƙe da gidan yana karɓar haya. Da ya gan su a zaure ko sannu da zuwa bai ce ba. Ya nuna mata wani ɗaki mai yoyo a can ƙarshen gida, jikin magudanar ruwa, layi ɗaya da ɗakunan 'yan haya Kiristoci guda uku. Ya gargaɗe ta da kada ya ga ƙafarta a ɗakin kowa, kada ya ji bakinta da kowa, nan birni ne ba ƙauye ba. Sannan ya dubi yarinyar sama da ƙasa ya ce, "Ki sani 'ya ta dangin uba ce. Ranar da kika jawo mini magana, ke kaɗai za ki koma inda kika fito, ita tana nan."

"Yaya, in sha Allahu ba za ka ji komai ba," in ji Mariya.

Ni dai ban ga abin da marainiyar nan ta tsare masa ba, sai dai kowa ya san in yarinya na hannunsa, rabon ubanta ma yana hannunsa. Mariya ta gane haka sarai. Tun daga ranar ta zama kamar ba ta gidan, ba ta dariya da ƙarfi, ba ta shanya a igiyar kowa, wankau take yi wa maƙwabta su ci abinci. Duk abin da za a yi mata a yi, ita dai kada a raba ta da Sumayya.

Mutum ɗaya ce ta sakar mata fuska, Immaculata, matar Oga Fidelis kafinta, wadda ake kira Maman Muna saboda jaririnta Munachimso. Da ta ga yarinyar na karkarwa a bakin famfo, sai ta shiga ɗaki ta ɗauko wata tsohuwar suwaita ja ta zura mata, ta ce da irin Hausarta, "Sanyin Jos ba ya wasa, ka sa masa kullum." Mariya ta shiga ɗaki ta yi ta kuka, don tun rasuwar mijinta ba wanda ya ba ta ko tsinke. Ta so ta rama alherin, amma da me?

Ana nan wata safiya ta je zubar da ruwan wanki, sai ta hango su a gindin dutsen da ke bayan katanga... kwarkwasa! Baƙaƙen ƙwarin nan masu tafiya runduna guda, masu cizo kamar wuta. A ƙauyensu ta ga sun shiga akurki sun bar kaji ƙashi zalla, ta kuma ji labarin jinjirin da aka bari a tabarma. Can kowace mace ta san magani: in damina ta yi nisa, sai a debi tokar murhu a ja layi a bakin ƙofa, ba sa tsallakawa. Ta tuna Muna da ake kwantarwa a ƙasa. Daga nan kullum in ta gama girki sai ta ja layin toka a ƙofarta, ta ja a ƙofofin ukun nan da ke jikin magudanar. Ba ta faɗa wa kowa ba. An hana ta magana, kuma a tunaninta wa ye bai san amfanin toka ba?

Baiwar Allah ba ta san garin da ta shigo ba. A Jos ta wannan lokaci ba abin da ke tayar da hankali kamar a ga alama a ƙofar mutum, don kowane ɓangare na da labarin cewa sai da aka bi gidaje aka yi musu shaida kafin a ƙone su. 'Yan hayar suka fara ƙus-ƙus. Sharafaddeen ya ji, ya yi shiru abinsa, har ya fara amsa gaisuwar Mariya.

Ran Talata da hantsi ihu ya fito da ita daga ɗaki. Ƙofofin nan uku, kowace an dangwala mata jan fenti a sama, ga layin toka a ƙasa. Ta waiga tata ƙofar, an share tokar tas, kamar ba a taɓa zubawa ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kafin ka ce me, gida ya cika, har da matasan bayan layi riƙe da sanduna. Oga Fidelis, wanda aka ƙone wa shago da injinansa a rikicin bara, sai tambayar Mariya yake yi wa ya aiko ta. Sharafaddeen kuwa ya tsaya a tsakar gida yana tafa hannu, wai shi da ma tun zuwanta bai yarda da ita ba, an zauna lafiya a gidan nan shekara da shekaru, baƙuwa ta zo za ta haɗa su faɗa.

Mariya ta durƙusa gaban mai unguwa da aka kira, ta amsa cewa tokar ita ta zuba, fenti kam ko taɓa shi ba ta taɓa yi ba. Ta yi bayanin kwarkwasa. Aka je gindin dutse aka duba, ko ɗaya babu, sun nutse ƙasa. Wasu suka yi dariyar mugunta, wani ya ce a bar su da ita. Sumayya ta ƙanƙame uwarta tana kiran Umma, Umma. Mariya ta ɗaga ido tana neman Immaculata, sai ta gan ta ta ɗauko bokiti ta sheƙa wa ƙofarta ruwa, tokar ta bi magudana.

"Na ba yaronka riga," in ji Immaculata, hawaye na zuba, "kai kuma ka sa wa nawa alama?"

Wannan maganar ta fi sandunan yi wa Mariya ciwo. Mai unguwa, da ya ga abin na neman zama wani abu, ya yanke cewa don kada jini ya zuba ta bar garin gobe-gobe. Sharafaddeen ya yi caraf ya ce yarinya kam jininsu ce, ba za ta bi mace irin wannan ba. Ba wanda ya musa masa.

Mariya ta wuni a ɗaki. Ta tsefe wa Sumayya kai ta yi mata kitso ƙanana don ya daɗe, hawayenta na ɗiga a kan yarinyar. Tana kitson tana koya mata yadda za ta riƙa gaida Baffa, kada ta yi masa musu, kada ta fita in ta ji ana gudu. Yarinyar ta tambaye ta yaushe za ta dawo. Sai Mariya ta ɗaga hannu ta ce, "Ya Allah, Kai ne gatan maraya... Ka san abin da na nufa da tokar nan." Duk da haka, da ta dafa wa yarinyar ɗan abinci, hannunta bai iya barin abin da ya saba ba, ta ja layi a ƙofarta ita kaɗai.

Washegari aka tashi da ruwa, bai ɗauke ba sai wajen azahar. Mariya ta ɗora ƙullinta a ka. Sharafaddeen ya riƙe hannun Sumayya gam, yarinyar na fizgewa tana kukan da ya sa matan gidan suka shige ɗaki don ba za su iya kallo ba. Mariya ta kai bakin zaure ke nan sai ta ji wani kukan daban, kukan jariri mai tsinka zuciya, daga ɗakin Immaculata, wadda ta leƙa waje sayen gawayi ta bar Muna na barci a tabarma. Ta juyo cikin gida da sauri ta dubi ƙasa. Ga su nan! Baƙin layi ya taso daga magudanar, ya zo ƙofarta ya kauce, ya miƙe ya shige ƙarƙashin ƙofar da aka wanke jiya.

Ta san in aka gan ta a ɗakin nan yau, ba lallai ta fito da rai ba. Ta ji kamar ta ruga waje. Amma kukan ya ƙara tsananta. Ta yar da ƙullin, ta suri kaskon toka daga murhunta, ta banke ƙofar ta faɗa. Tabarmar ta yi baƙi ƙirin, sun hau ƙafafun yaron har ciki. Ta ɗauke shi ta tuɓe masa riga, ta watsa toka ko ta ina, tana cire su ɗaya bayan ɗaya daga wuyansa da bayan kunnensa, su kuwa sun haye ta har cinya suna cizo, ko ta kansu ba ta bi ba.

A haka Oga Fidelis ya same ta, ya shigo da katako a ɗage... sai hannunsa ya tsaya a sama. Immaculata ta biyo shi da gudu, ta karɓi ɗanta, ta ga jini-jini a jikinsa, ta ga hannuwan Mariya sun kumbura. Ta fito ta dubi ƙofar Mariya, inda rundunar ta yi kwana ta bar layin toka, sai ta zube ƙasa ta fashe da kuka.

Kwarkwasa kuwa ba su gama aikinsu ba. Da toka ta tare su a nan, sai suka ratsa tsakar gida suka nufi ɗakin ajiyar Sharafaddeen, inda ƙamshin kifi yake. Mutumin naka ya saki hannun yarinya ya ruga, yana tsalle yana kaɗe wando, yana jawo buhuna waje ba ji ba gani. Garin fizgo na ƙarshe sai wani gwangwani da aka cusa a bayansa ya gangaro tsakar gida, murfin ya ɓalle, jan fenti ya malale a gaban jama'a, ga burushi ɗaure a jikinsa da leda.

Oga Fidelis, da ya san fenti kamar yunwar cikinsa, ya dangwala yatsa ya je ya goga a jikin alamar ƙofarsa. Iri ɗaya sak. Sharafaddeen ya fara in-ina, wai na gyaran ƙofa ne, wai ajiya aka ba shi, gumi na keto masa cikin wannan sanyi. Mai unguwa da aka sake kira ya dube shi ya ce, "Sharafaddeen, saboda rabon marainiya za ka kunna wa unguwa wuta?" Da ƙyar aka ƙwace shi daga hannun matasan jiya, Musulminsu da Kiristansu, aka miƙa shi ga hukuma. Ya sha zaman gidan yarin da ya sha, ya fito ba mai amsa sallamarsa, 'yan kasuwar kifi suka cire shi daga cikinsu. Da aka zo rabon gado, ɓangaren da ya fi kyau a gidan shi ya faɗo wa Sumayya, aka kuma bar ta a hannun uwarta.

Amma Mariya ba wannan ta fi tunawa ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yammacin ranar, tana zaune Sumayya na kwance a cinyarta da jar suwaitarta, sai ga Immaculata da goyon Muna, riƙe da wani ɗan kwano. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Maman Sumayya, ka yafe mini. Gawayina bai yi toka ba tukuna... ka sam mini naka."

Mariya ta share hawaye da bakin zani, ta cika kwanon. Ba ta miƙa mata ba, ta tashi da kumburarrun ƙafafunta ta je da kanta, gaban kowa da kowa, ta ja layin a bakin ƙofar.