Ruwan Farko

Duk wanda ya bi ƙauyukan yankin zai ga rijiyoyi da aka cike da duwatsu. Mutum ɗaya ne ya haƙa su, kuma tsofaffi ba sa ambaton sunansa, sai su ce Mai Rijiya.

Ya gaji sana'ar daga ubansa, amma ruwa ya ƙi shi. Sai ya yi wata yana haƙa, ya tarar da dutse. A kasuwa har tsokanarsa ake yi: "Mai Rijiya, kabari nawa ka haƙa bana?"

Da tsakar rana ya je wurin boka, a bayan tsauni. Bukkar ba ta da taga. An binne wata tukunya zuwa wuya, bakinta ya yi baƙi da busasshen jini, gashin kaza ya manne a jiki. Ruwan da ke ciki yana motsi, ba iska.

"Duk inda ka sa diga, ruwa zai fito," in ji boka. "Amma ruwan farko ba naka ba ne."

A sana'arsu, mai haƙa ne ke shan moɗar farko a gaban jama'a, don su ga ruwan ba shi da illa.

"To wa zai sha, Baba?"

"Wanda ya miƙo hannu."

"Me zai same shi?"

"Ruwa ka zo nema ko bayani?"

Mai Rijiya ya miƙa digarsa. Boka ya shafa mata jini.

Rijiya ta gaba ta kawo ruwa tun bai yi nisa ba. Ƙanensa, wanda ke ja masa igiya, ya karɓe moɗar yana dariya. "Yaya, yau har ƙishin ma ya gudu?" Kafin mako ya kumbura ya mutu, ruwa na fita ta hancinsa.

Mai Rijiya ya gane. Bai daina ba. Ya sayi mota, ya yi gidan siminti, ya ɗebi leburori. Duk rijiya sai ya kau da kai ya miƙa moɗa, a ƙauyen kuma a yi jana'iza. Matarsa ce ta fara lura. Ba ta tambaye shi ba, sai dai ta daina barci, daga baya ta koma zubar da duk ruwan da ta gani a gidan tana ihu. Aka ɗaure ta a turke.

Da ya haƙa rijiyar unguwarsu, ya yi niyyar zubar da moɗar a ƙasa. Mahaifiyarsa ta ratso jama'a da sandarta.

"Kawo nan, ɗan nan, in sa maka albarka."

Da ya buɗe baki da ta tsira, amma garin duka yana tsaye yana sauraro. Ya riƙe mata moɗar har ta shanye.

Bayan jana'izarta ruwan rijiyoyin ya soma wari. Leburori suka watse, aka sayar da motar, gidan ya tsage. Ya tsufa a zaure shi kaɗai, ba wanda ke karɓar ko da gaisuwa daga hannunsa, ba kuma wanda ya ji ya yi ƙorafi.

Wanda kwaɗayi ke ja zuwa bukkar boka ya sani: ba a faɗa maka farashi a can, domin ba kai za ka fara biya ba. Na gidanka ne za su biya, kai kuma a bar ka da rai kana kallo.